Wa Ya San Sunan Kyanwata?

Ranar da Auta ta fara shiga shagon gyaran waya da ke ƙasan benen kasuwa, ba da sallama ta shiga ba, da ƙorafi ta shiga.

"Malam, wai wannan wayar ce take gaya mini ni ba ni ba ce!"

Mai gyaran ya ɗago kai daga kan wata waya da ya buɗe cikinta, ɗan sukurdireba a hannunsa. Ya ga doguwar budurwa da tef ɗin awo a wuya, guntun jan zare maƙale a gefen mayafinta, ranta a ɓace kamar wadda aka taka wa ƙafa. Sai ya amsa sallamar da ba a yi masa ba.

"Wa alaikumus salam. Ga kujera. In ba ke ba ce, wace ce ke?"

Kunya ta ɗan kama ta, ta yi sallamar a makare, amma ba ta zauna ba. Auta ba ta iya zama in akwai magana a bakinta.

Tela ce, shagonta yana saman benen. Kusan duk cinikinta ta shafinta na intanet yake zuwa. Can take sa hotunan ɗinkinta, can kwastomomi suke turo awonsu, can ake yi mata magiya a kan kayan biki. Ta sake waya, ta manta kalmar sirri, da ta nemi a buɗe mata sai aka jefo mata tambayar tsaro: wane launi kika fi so?

"Na ce ja, ya ce a'a. Na ce ruwan hoda, ya ce a'a. Na ce kore, sai ya ce in dakata, wai ana zargin ɓarawo ne. Ni! A kan shafina!"

"Yaushe kika ba shi amsar?"

"Tun ina koyon ɗinki."

"To a lokacin wane launi kike so?"

"Malam, ni fa tela ce. Duk yadin da ya shigo sabo shi ne masoyina, har wani ya zo ya ture shi."

Ya yi dariya har sukurdirebar ta faɗi. Ita ma ta so darawa, ta danne don kada ya samu fuska.

Bai wahala ba. Ya sa aka turo lamba ta layinta, shafin ya buɗe, ya kuma ba ta shawara ta sa imel ɗin wani na gida don ko-ta-kwana. Ta sa na Yayarta. Saura zaɓen sababbin tambayoyi.

"Ga shawarata," in ji shi. "Kada ki ba shi amsar gaskiya. In ya tambaye ki sunan makarantarki, ki rubuta wani abu can daban da ba wanda zai kawo a ransa."

"In yi ƙarya ke nan?"

"Na'ura ce fa."

"Ko mece ce. A gidanmu ko jariri ba a yi wa ƙarya. Kuma Malam, gaskiyar ma na manta ta, ina ga ƙarya? Wannan karon abin da ba ya canzawa zan zaɓa."

Ta zaɓi guda uku: sunan dabbar da ta fara riƙewa, sunan makarantarta ta firamare, da laƙabin da kakarta take kiranta da shi. Tana dannawa tana karantawa a fili, kamar yadda take yi in tana rubuta awo.

"Ai wannan mai sauƙi ce. Kyanwarmu, sunanta..."

Ba ta ƙarasa ba ya toshe kunnuwansa da 'yan yatsu, ya miƙe, ya fice daga shagonsa, ya je ya tsaya cikin rana ya ba ta baya. Bai dawo ba sai da ta leƙo ta yafuto shi.

"Kai kuma lafiya?"

"Abin da ban ji ba, ba za a taɓa ji daga bakina ba."

Ta kalle shi da kyau a karo na farko. Ba wani kyau na a zo a gani gare shi ba, amma fuskarsa a sake take, idanunsa ba sa gudun na mutum.

"To na gode, Kurma."

"Allah ya kiyaye hanya, Hajiya Gaskiya."

Hanyar dai matakalar bene ce kawai, amma daga ranar wayar Auta ta koyi lalacewa. Yau caji ba ya shiga, gobe sifika tana shaƙewa, jibi kuma ba komai, ta dai sauko ne ta ji ko lafiya. Shi ma rigunansa suka fara zubar da maɓalli ba dalili. Abin da bai samu faɗuwa a shago ba, sai ya biyo ta akwatin saƙon shafinta.

"Hajiya Gaskiya, yau wane launi ne yake mulki? Ina so in san rigar da zan sa."

"Yau shuɗi ne. Amma kada ka saki jiki, an ce gobe za a kawo sabon yadi."

"Ni dai kada a kawo sabon mai gyara."

"Kurmana, kai ba yadi ba ne. Kai ne keken ɗinkin. Ka ci abinci?"

"Na ci. Allah ya ba mu juna."

"Amin. Ka rage shan shayi a tsaye."

Ta so shi, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Da ta tabbata, ba ta ɓoye wa mahaifinta ba.

Baba kafinta ne, ya tsufa a sana'ar. An san shi da abu biyu: ƙofar da ya haɗa ba ta karkacewa, bakinsa kuma ba ya ƙarya. Akwai na uku da iyalinsa kaɗai suke shan wahalarsa, wato son ba da labarin da. In Baba ya kama zancen shekarun baya, sai shayi ya huce a kofi.

Ya saurare ta har ta gama, yana goge zarto.

"Mai buɗe cikin wayoyin mutane? Auta, sirrin duk kasuwar nan ta hannunsa yake bi. Ni ban natsu da sana'ar da ido yake ganin abin da ba nasa ba."

"Baba, ai kai ma kana shiga ɗakunan mutane ka gyara musu kabad."

"Ni ba na buɗe durowa."

"Shi ma ba ya buɗewa."

"Kin shiga zuciyarsa ne?"

"Na ga abin da ya yi da idona."

"Kin ga abin da ya so ki gani. Kada ya zo mini tukuna."

Ta durƙusa ta ce to. Amma kafin ta tashi ta ƙara da cewa, "Zan jira, Baba. Sai dai ka sani, shi nake jira, ba wani ba."

Wanin kuwa akwai shi. Ɗan aminin Baba ne, yana da shagon turare, kowa Mai Turare yake ce masa, don ƙamshinsa yakan riga shi sallama. Ya taɓa neman Auta, ta ce masa a'a a fili, ba kwana-kwana. Da ya ga ƙofar gaba ta ƙi, sai ya zagaya. Kowace la'asar yana kan bencin da ke gaban wurin aikin Baba, ya naɗe hannun riga yana sauraron labari, har da tambayar ƙarin bayani. Baba, wanda 'ya'yansa suka daɗe da gudun labaransa, ya samu abin da yake nema.

Wata la'asar Mai Turare ya kawo masa 'yar kwalbar turare, ya zauna, ya gyara murya.

"Baba, wai da can ba ku taɓa riƙe wata dabba a gida ba? Na ji kamar an ce Auta tana da wata tun tana ƙarama."

Baba ya ajiye guduma, fuskarsa ta washe.

"Manaja! Allah sarki. Wata farar kyanwa ce, a tsohon gidanmu. Kullum sai ta hau saman katako ta zauna tana kallon muna aiki, ba ta taɓa komai, amma in ka tsaya hutawa sai ta yi maka kuka. Shi ya sa muka sa mata Manaja. Ranar da ta mutu Auta ta ƙi cin abinci."

Mai Turare ya yi dariya sosai, har ya fi labarin. Da yamma Baba ya ce wa iyalinsa, "Yaron nan akwai tarbiyya. Yaran yanzu wa yake tambayar tarihin gida?" Auta ta ci gaba da cin abincinta, ba ta tambayi wane tarihi ba.

Jiran ya yi tsawo, har ya fara cin ran Kurma. Rannan gilashin wayarta ya fashe, ta bar masa ita wuni guda. Da ta zo karɓa suka ɗan yi sa-in-sa, shi yana cewa ya gaji da zama kamar mai laifi, ita tana cewa ya yi haƙuri da Baba. Bayan ta hau bene ya turo mata:

"Ki yafe ni, Gaskiyata. Amma wallahi wata rana sai duk kasuwar nan ta san ke tawa ce."

Ta karanta ta yi murmushi. Ba ta san wannan saƙon ne zai zo ya tsaya mata a wuya ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya wayarta ta hau ruri ba ƙaƙƙautawa. Ƙawaye, kwastomomi, har gwaggon da ba ta taɓa kiranta ba. Ta nemi shiga shafinta, aka ce kalmar sirrin ba daidai ba ce. Ta nemi a turo lamba, ta tarar an cire layinta. Sai da wata ƙawarta ta turo mata hoto sannan ta ga abin da duniya take gani. Duk hirarta da Kurma, an baje ta a shafin, a saman hotunan ɗinkinta, an rubuta a kai: "Ku ga abin da telarku take yi a ƙasan bene."

Hirar nan mutum biyu ne suka san da ita. Wayar nan mutum ɗaya ta taɓa bar wa. Kuma wa ya rantse sai duk kasuwa ta sani?

Ko mayafi ba ta gyara ba ta isa shagonsa. Ta tarar da mutane sun yi cirko-cirko, wasu suna karɓar wayoyinsu da ba a gama gyarawa ba. Wata mata tana cewa, "Ba ni abata, kafin in ga kaina a intanet."

Auta ta jira suka ragu, ta tsaya a gabansa.

"Kai ne?"

Ya ɗago ya kalle ta. Ta ga abin ya soke shi, ta kuma ji ya soke ta.

"Kowa ya tambaye ni yau, ban ji zafi ba sai yanzu. Ba ni ba ne. Sau ɗaya zan faɗa miki, ba zan maimaita ba. Kuma ba zan rufe shago ba, ba zan bar kasuwar nan ba. Wanda ya yi, shi ne zai gudu."

Ta juya ta tafi. A matakala ta yi kukanta, ta share, sannan ta wuce gida.

Ta tarar Mai Turare ya riga ta. Yana tsugune gaban Baba, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ta'aziyya.

"Baba, ni ba na son shiga, amma ku duba, wa yake riƙe wayarta in ba shi ba? Ni dai har gobe ina nan. Abin da ya faru bai rage ta a idona ba."

Baba ya sallame shi, ya dubi 'yarsa. Idanunsa sun yi ja.

"Kin gani? Ki rufe shagon nan, ki zauna a gida har ƙura ta lafa."

"Baba, ka gafarce ni, ba zan rufe ba."

"Auta!"

"Ka karanta abin da aka baje ɗin? 'Ka ci abinci' ne, da 'Allah ya ba mu juna.' Ba kalma ɗaya a ciki da zan ji kunyar ka gani. In na ɓuya, na yarda na yi abin kunya ke nan, kuma ban yi ba. Kai ka koya mini kada in amsa laifin da ba nawa ba."

Baba ya kau da kai. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ko'ina ya duba cikin maganar, tasa ce.

Washegari ta zaɓi rigar da ta fi kowace haske a cikin kayanta, ruwan lemo mai ɗaukar ido tun daga bakin titi, ta ratsa tsakiyar kasuwa kanta a sama. Mai sayar da zare ta ce, "Oh, su Auta an yi suna." Ta ce, "Ai kuwa. Ba ni baƙi da fari, ina da aiki." Ta hau bene ta taka kekenta har maƙwabta suna jin ƙararsa. Amma duk lokacin da ta sauko, sai ta kau da kai daga shagon ƙasa. Shi kuwa yana nan zaune a shagon da ba mai shiga, yana goge teburin da ba datti.

Yaya ce ta warware abin ba da saninta ba. Nas ce a wani asibiti, imel ɗinta kan yi kwanaki ba ta leƙa ba. Ranar hutunta ta hau benen tana haki, ta miƙa wa Auta waya.

"Ke, wannan ba naki ba ne? Na gan shi cikin tarkacen saƙonnin imel ɗina."

Auta ta karanta: "An canza kalmar sirrin wannan akawun bayan an amsa tambayoyin tsaro daidai."

Ta sake karantawa. Ƙafarta ta sauka daga kan keken.

"Yaya, ba ta wayata aka shiga ba. Tambayoyin aka amsa."

"To sai me?"

"Kurma bai san amsa ko ɗaya ba. Ranar da na sa su, cikin rana ya je ya tsaya da yatsu a kunne." Ta dafe kai. "Ni kuma na je har shagonsa na ce masa kai ne."

Yaya ta karɓi wayar, ta sa sunan shafin Auta, ta danna wurin da ake cewa an manta. Ga tambayoyin nan uku sun fito ɓaro-ɓaro.

"Kin ga, kowa ma zai iya ganinsu. Amsar ce kawai sai ɗan gida. Wa ya san Manaja in ba mu ba?"

Suka kalli juna. A gidan nan mutum ɗaya ne ba ya iya riƙe labarin Manaja, kuma mutum ɗaya ne yake zama ya saurare shi.

Auta ta ɗauki wayarta ta rubuta wa Kurma ta layinsa:

"Kurmana, na zalunce ka. Ban da bakin ba ka haƙuri ta waya, amma ka sa rigarka mai kyau, yau da la'asar za ka ga Baba. Ba roƙo za mu je ba."

Amsar ba ta jima ba.

"Na yafe tun kina kan matakala, na ji kukanki. Wane launi zan sa?"

"Fari."

Da la'asar Baba yana yanka katako, Mai Turare yana kan bencinsa, sai ga Auta da Yaya, Kurma a bayansu. Baba ya tsayar da zarto.

"Ban ce kada ya zo ba?"

"Ka ce, Baba. Ni na kawo shi, laifin nawa ne, ka hukunta ni daga baya. Abu ɗaya nake roƙo, ka bari in karanta maka wasu tambayoyi. Wanda ya shiga shafina, su ya amsa."

Ba ta jira izini ba.

"Ta farko, sunan dabbar da na fara riƙewa. Ta biyu, sunan makarantata ta firamare. Ta uku, laƙabin da Kaka take kirana da shi."

Baba ya ajiye zarton a hankali.

"Sake karantawa."

Ta sake. Baba ya zauna a kan katakon da yake yankawa. Ya san tambayoyin nan. Ya ji su ɗaya bayan ɗaya, a kan bencin nan, daga baki ɗaya, kuma kowacce ya amsa ta da murna har da ƙarin bayani.

Ya fara juyawa wajen Kurma.

"Kai, yaya sunan kyanwar?"

"Ban sani ba, Baba. Ta so faɗa, na toshe kunne."

Sannan ya juya wajen Mai Turare, wanda ya fara neman takalminsa da ƙafa.

"Ranar da ka kawo mini kwalbar nan, me ka tambaye ni?"

"Baba, ai hira ce kawai..."

"Makarantar ma hira ce? Sunan da uwata take kiran jikarta ma hira ce? Buɗe wayarka."

"Haba Baba, ai kun san ni."

"Ubanka na sani. Kai yau nake so in san ka. Buɗe."

Ba a taɓa jin Baba ya ɗaga murya haka ba. Mai Turare ya buɗe, gumi yana wanke turaren. Ga shafin Auta nan a buɗe a wayarsa, bai ko yi wayon fita ba, don kullum yana leƙawa ya ga abin da mutane suke cewa.

Baba ya karɓi wayar ya miƙa wa Kurma. "Cire masa shi."

Kurma ya mai da hannuwansa baya. "Ku gafarce ni, Baba. Ba na shiga wayar mutum sai da izininsa. Shi ya mai da mata abinta da hannunsa."

Baba ya tsaya da wayar a hannu yana kallonsa, kallon da yake yi wa katako in yana son sanin ko zai ɗauki nauyi. Daga nan ya jefa wa Mai Turare abarsa. A gaban kowa Mai Turare ya mai da layin Auta, ya goge abin da ya baje, ya fita daga shafin. Da ya zo tafiya Baba ya ɗauko 'yar kwalbar nan daga kan taga ya ɗora masa a hannu.

"Ubanka zan gaya wa da kaina. Benci kuma na gode, ya huta."

Bayan ya tafi, Baba ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ta tsufa.

"Ina ta tsoron baƙo zai buɗe mini ƙofar 'yata, ashe ni na miƙa makullin, ina dariya."

Auta ta durƙusa kusa da shi. "Ni ma da laifina, Baba. Kurma ya ce kada in sa amsar gaskiya, na ce a gidanmu ba a ƙarya."

"Wannan ba ƙarya ba ce, makulli ne. Ni kafinta ne, ban taɓa tambayar makulli ko ya faɗi gaskiya ba, ƙofa nake so ya riƙe. Ki canza su."

Ta canza a nan take, Kurma ya koma bakin titi ya ba su baya, Yaya tana yi masa dariya. Da ta gama, ta rubuta wani abu a shafin, amma ba ta tura ba. Ta miƙa wa Baba.

"Saƙonnin da kuka karanta nawa ne, ban musa ko ɗaya ba. Wanda na rubuta wa bai ci amanata ba, kuma shi zan aura. Masu jiran ɗinkin biki ku ɗan yi haƙuri, nawa nake yi."

Baba ya nisanta wayar daga idonsa ya karanta har ƙarshe.

"Akwai gyara," in ji shi.

"Ina, Baba?"

"Bayan 'shi zan aura.' Ki sa in sha Allah."

Yaya ta saki ihu. Auta ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye.

Da safe Baba ya sa babbar rigarsa, ya ratsa kasuwa har ƙasan bene, ya tsaya a ƙofar shagon inda kowa zai ji. Ya zaro tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba, ya ajiye a kan tebur.

"Ga tawa, ka duba mini. Duk wanda ya ce yaron nan ya ci amana, ya zo ya same ni, ni na san wanda ya ci, na kuma san wanda ya taimaka masa."

Kafin azahar matar nan da ta ƙwace wayarta ta dawo da ita, tana cewa ita dama ba ta yarda ba.

Aka ɗaura aure cikin jama'a da yawa, har da waɗanda suka zo don su ga ƙarshen labarin. Amarya ta ɗinka rigarta da kanta, kuma sai da ta canza launi sau ba adadi kafin ta tsaya a kan ɗaya. Da za a tafi da ita, Baba ya kira angon, ya kama hannunsa da nasa hannun da ya yi kantar aiki.

"Ni bakina ya buɗe sirrinta, kai kunnenka ya rufe shi. Ga ta nan. Ka riƙe ta yadda ka riƙe abin da ba ka ma ji ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai gaskiya irin ta uwarsu, mai riƙon amana irin na ubansu."

Aka ce amin, Yaya ta fi kowa ƙarfi.

Washegari da hantsi suna zaune a sabon ɗakinsu, kan kujerar da Baba ya haɗa da hannunsa, Auta ta matso kusa da shi.

"Kurmana, yanzu ai mun zama ɗaya. Bari in gaya maka sababbin amsoshin, ko da zan manta. Ta farkon ita ce..."

Ya ajiye kofin shayinsa, ya toshe kunnuwansa, ya miƙe ya nufi ƙofa.

"Ina kuma za ka? Gidanka ne fa!"

"Rana zan sha, Hajiya Gaskiya. In kin gama ki yafuto ni."

Ta bi shi da gudu ta riƙo rigarsa, dariyarsu ta cika tsakar gidan. Allah ya bar su tare, ya rufa musu asiri duniya da lahira.